Gwajin IPF: Tambayoyi da Amsoshi Kan Ƙirga Sabbin Ƙwayoyin Tsayar da Jini

Da yawa daga cikin masu jinya sun taɓa ganin likita ya duba takardar gwaji, ya ɗago kai ya ce, "Filatilet sun yi ƙasa." Wannan rabin labari ne. Sauran rabin shi ne dalili: jikin ne ya daina ƙera su, ko kuwa yana ƙerawa wani abu na cinye su a hanya? Maganin na farko daban, na biyun daban. Akwai wani awo da wasu na'urorin gwajin jini ke fitarwa, ana rubuta shi IPF a takarda, wato kason filatilet waɗanda ba su ƙosa ba, wanda aka samar domin ya taimaka a raba waɗannan biyun. Ga tambayoyin da aka fi yi a kansa.

Su filatilet ɗin, mene ne aikinsu a jiki?

Jini na ɗauke da ƙwayoyi iri uku. Akwai jajaye masu kai iska sassan jiki, akwai farare masu yaƙi da cuta, sai ƙananan cikinsu, filatilet, masu toshe ɓaraka. Da zarar jijiyar jini ta tsage su ke fara isa wurin. Su manne a bakin raunin, su kira 'yan uwansu, su yi cincirindo har ƙofar ta toshe, kafin sinadaran daskarar da jini su zo su ɗaure aikin. Shi ya sa wanda reza ta yanka zai danne wurin na 'yan mintoci jinin ya tsaya.

Ba cikakkun ƙwayoyi ba ne ma. Gutsattsari ne da ke ɓallewa daga jikin wasu manya-manyan ƙwayoyi da ke zaune a ɓargon ƙashi, masu suna megakariyosait, kuma kowace ɗaya tana zubar da sama da dubu. Babban mutum lafiyayye yana ƙera kimanin biliyan 100 a kullum. Kowace tana yawo a jini kwana 7 zuwa 10 sannan jiki ya kwashe ta. A maikurolita ɗaya na jini, abin da ko ɗigo bai kai ba, ana samun 150,000 zuwa 450,000. Kusan ɗaya bisa ukunsu a saifa suke ajiye, hanta kuwa ita ke fitar da mafi yawan sinadarin da ke umartar ɓargo ya ƙara himma, wato trombofoyetin.

To su wane ne "waɗanda ba su ƙosa ba"?

Sababbin fitowa ne daga ɓargo. Lokacin da gutsuren ya ɓalle daga jikin uwarsa, yakan taho da ɗan guzurin RNA, wato saƙon da ƙwaya ke karantawa ta haɗa furotin. Da yake filatilet ba ta da cibiyar da za ta sake rubuta wani saƙon, guzurin yakan ƙare cikin kamar yini guda ko ya ɗan ɗara. Duk wadda aka samu da RNA mai yawa, jiya ko yau ta fito. Galibi kuma sun fi tsofaffin girma da zafin nama wajen mannewa.

Masu ciwon sikila da iyayensu sun san irin wannan ƙirga a ɓangaren jajayen ƙwayoyi, wadda ake kira retik. Hikimar ɗaya ce, ƙwayar ce kawai ta bambanta.

Me ya sa likita zai damu da ƙirga sababbi, alhali an riga an san jimillar?

A ɗauka makiyayi yana da shanu 200, shekara ta zagayo aka ƙirga aka samu 40. Ƙirgar ta tabbatar an yi asara, amma ba ta faɗi ta inda asarar ta shigo ba. Wanda ya san kiwo sai ya shiga garken ya duba maruƙa. In ya tarar da maruƙa birjik, to shanun suna haihuwa, ɓarnar daga waje take: ɓarayi ne, ko kura, ko annoba. In kuwa duk tsofaffi ya gani, babu ɗan maraƙi ko na magani, matsalar a haihuwar take.

IPF shi ne duba maruƙan. Yana faɗin kashi nawa cikin 100 na filatilet ɗin da ke jini sababbi ne. Idan jimilla ta faɗi amma kason sababbi ya tashi, ɓargo na aiki, ana dai hallaka su ko ana cinye su da sauri. Idan jimilla ta faɗi, kason sababbi kuma bai motsa ba, zargi ya koma kan ɓargon kansa.

Wannan bambanci ba na ƙwalisa ba ne. Wanda garkuwar jikinsa ke kashe masa filatilet, maganin lafar da garkuwa yake buƙata, kuma in an ƙara masa filatilet ba sa jimawa ake cinye su. Wanda ɓargonsa ya mutu ko kansar jini ta mamaye shi kuwa, ba shi irin wancan magani a makance ɓata lokaci ne, wani sa'in ma yakan rufe alamomin cutar ya wahalar da gano ta daga baya.

Yaya na'ura ke gane sabuwa da tsohuwa?

Da rini da haske. Na'urar na zuƙar ɗan jini kaɗan ta gauraya shi da wani rini mai kama RNA. Daga nan ta jera ƙwayoyin su bi ta wata siririyar hanya ɗaya bayan ɗaya, kamar layin masu shiga ta ƙofa guda, hasken leza na dukan kowace. Yadda hasken ya watsu gaba yana nuna girmanta, yadda rinin ya yi ƙyalli kuma yana nuna yawan RNA ɗin cikinta. Waɗanda suka haɗa girma da ƙyalli su kwamfutar na'urar ke warewa a matsayin sababbi. Cikin 'yan mintoci an gama, daga kwalbar jinin da aka riga aka ɗiba don ƙirgar jini ta yau da kullum.

Sabon gwaji ne?

Sanin abin ya daɗe, sauƙin awonsa ne sabo. A 1969 Ingram da Coopersmith suka ba da labarin filatilet masu ɗigo-ɗigon RNA a jinin karnukan da suka zubar da jini mai yawa, da ido suka gan su a madubin likita bayan sun rina su. A 1990 Kienast da Schmitz suka nuna ana iya ƙirga su da leza da wani rini mai suna tiyazol orenj. Sai dai kowane ɗakin gwaji da irin tasa hanyar, sakamakon wannan ba ya haɗuwa da na wancan. Abin ya shiga asibitoci sosai ne bayan kamfanin Sysmex na birnin Kobe a Japan ya sa awon cikin na'urarsa XE-2100, kuma a 2004 Carol Briggs da abokan aikinta a Landan suka wallafa binciken da ya yi wa sunan IPF kasuwa. Yanzu jerin na'urorin XN na kamfanin na da hanya ta musamman don wannan awo, Abbott da Mindray ma suna da nasu.

Nawa ne daidai?

A wancan bincike na 2004, lafiyayyu sun faɗo tsakanin kashi 1.1 da 6.1 cikin 100. Yawancin ɗakunan gwaji iyakarsu ba ta nisa da haka, daga 1 zuwa 6 ko 7. Amma lambar na canzawa daga na'ura zuwa na'ura, har tsakanin tsohon samfuri da sabo na kamfani ɗaya, kuma ta jarirai sababbin haihuwa daban take. Don haka iyakar da ke rubuce a gefen takardarka ita ce abin dubawa. Kada a ɗauko sakamakon wani asibiti a jera shi da na wani a ce an samu sauƙi ko an ƙara lalacewa.

Filatilet ɗina sun yi ƙasa, IPF kuma ya hau. Me ke nan?

Mafi kusa, ana hallaka su a wajen ɓargo. Cutar da aka fi danganta wannan hoto da ita ita ce ITP, inda garkuwar jiki ke ɗaukar filatilet a matsayin baƙi ta yi musu shaida, saifa kuma ta kwashe su. A yara takan biyo bayan mura ko wani zazzaɓi, yaro na wasansa sai a ga ɗigo-ɗigon ja a ƙafafu da haɓo, kuma mafi yawansu suna warkewa da kansu cikin watanni. A manya takan zauna. A binciken Landan, matsakaicin IPF na masu wannan cuta ya haura kashi 20.

Ba ita kaɗai ba ce. Akwai TTP, wadda ƙananan gudajin jini ke toshe siraran jijiyoyi suna cinye filatilet. Ita ta gaggawa ce, maganinta sauya ruwan jini, kuma likitoci na kaucewa ƙara filatilet a cikinta sai in rai na cikin haɗari. Akwai rikicewar daskarewar jini da ke biyo bayan ƙwayoyin cuta sun shiga jini ko haihuwa ta zo da matsala. Akwai magunguna da ke tunzura garkuwar jiki a kan filatilet, kwinin da hefarin na cikin sanannu. Haka wanda ya zubar da jini mai yawa, ko wanda ɓargonsa ke farfaɗowa bayan ya sha wuya.

Ka ga ke nan IPF ya nuna unguwa ne, bai nuna gida ba. Ita ITP ma har yau babu gwaji guda da ke tabbatar da ita. Sai an kore sauran dalilai tukuna, shi ya sa za ka ga an tura babban mutum gwajin HIV da na ciwon hanta nau'in C, ko da shi haɓo ne kawai ya kawo shi.

Kaso mai yawa na nufin ɓargo na ƙera fiye da kima?

Ba dole ba, kuma a nan ne har ma'aikatan lafiya kan yi tuntuɓe. Kaso rabo ne, ba adadi ba. Mu yi lissafi da lambobin misali. Lafiyayye mai filatilet 250,000 da IPF kashi 3, sababbinsa 7,500 ne. Mai ITP da ke da 20,000 da IPF kashi 20, sababbinsa 4,000 ne. Kasonsa ya ninka na lafiyayyen fiye da sau shida, amma a ƙidaya sababbin nasa ba su kai na lafiyayyen ba. In muka koma garke, maruƙa takwas cikin shanu 40 sun cika ido, alhali garken 200 mai maruƙa goma ya fi shi haihuwa.

Wannan ya yi daidai da abin da aka gano game da cutar, cewa garkuwar ba filatilet kaɗai take kai wa hari ba, tana taɓa iyayensu da ke ɓargo. Dalilin da ya sa magungunan da ke kwaikwayon trombofoyetin, irin su eltrombopag da romiplostim, waɗanda aka amince da su a Amurka a 2008, suke aiki a kanta ke nan. Na'urori da dama na fitar da wannan adadi na ainihi tare da kason. A ganina duk mai karanta kaso ya kamata ya yi wannan ɗan lissafi, bai fi daƙiƙa goma ba.

Idan jimilla da IPF duka sun yi ƙasa, ko IPF ya tsaya cak a tsakiya fa?

Mutumin da filatilet ɗinsa suka sauko 15,000 amma IPF ya nuna kashi 3, kada a ce "wannan dai lafiya lau". Ɓargo mai rai da ya ga irin wannan faɗuwa ya kamata ya zabura. Shirunsa shi ne alamar. Abubuwan da ake tunani sun haɗa da bushewar ɓargo, wadda ke taɓa jajaye da farare da filatilet baki ɗaya, da kansar jini ko wata kansar da ta bazu zuwa ƙashi, da magungunan kansa, da yawan shan barasa. Cikin magungunan da aka daɗe da sanin suna iya busar da ɓargo akwai kuloramfenikol, wanda har yanzu wasu ke saye a kemis ba da takardar likita ba da sunan maganin taifot. Ba kasafai yake yin haka ba, amma in ya yi abin na da muni.

Ciwon hanta da ya yi nisa yana da nasa salon. Hantar ta rage fitar da sinadarin umarni, saifa kuma ta kumbura tana tsare filatilet fiye da rabonta. A irin wannan IPF ba ya faɗin magana ɗaya, likita ya fi dogara da taɓa ciki da hoton sikanin da gwajin hantar.

Zai iya hana a huda min ƙashi a ɗebi ɓargo?

Wani lokaci yana taimakawa a fasa, amma bai maye gurbinsa ba. Yaro ko matashin da filatilet kaɗai suka faɗi, jajaye da farare lafiya, babu kumburin saifa ko kaluluwa, shimfiɗar jini a gilashi ba ta nuna baƙuwar ƙwaya ba, IPF kuma ya hau, ba lallai a taɓa ɓargonsa ba. Amma in an ga rama, ko zazzaɓin da ya ƙi tafiya, ko sauran ƙwayoyin ma sun taɓu, ko mutum ya manyanta, ko an ba da magani bai karɓa ba, to duba ɓargon na nan daram komai lambar da na'ura ta fitar. Akwai wata lalurar ɓargo ta tsofaffi, MDS, da ƙarancin bitamin B12, waɗanda matsalar a ƙira take amma IPF kan iya hawa. Wanda ya bi lamba ita kaɗai zai ɓata hanya a nan.

Me ya haɗa shi da zazzaɓin dengi?

A nan ne aka fi cin moriyarsa a Indiya da ƙasashen kudu maso gabashin Asiya, inda dengi ke cika asibitoci duk damina. Mu ma ba labarin nesa ba ne. A 2023 Chadi ta sanar da ɓarkewarsa a yankin Abeche, Burkina Faso ta sha fama da shi sosai, kuma a ƙarshen shekarar hukumar yaƙi da cututtuka ta Najeriya, NCDC, ta tabbatar da shi a Sakkwato.

A dengi filatilet kan yi ta sauka, su fi yin ƙasa a daidai lokacin da zazzaɓin ke sauka, hankalin dangi ya tashi, a shiga neman masu ba da jini. Abin da aka lura shi ne IPF yakan riga jimillar tashi. In ya fara hawa, galibi cikin kwana ɗaya zuwa biyu jimillar za ta biyo baya. Likitan da ya ga haka, majinyaci kuma ba ya zubar da jini, yana da hujjar cewa a dakata.

Dakatawar ma tana da madogara tun kafin IPF. Wani gwaji da aka yi a Singafo da Maleshiya, aka wallafa a mujallar Lancet a 2017, ya ɗauki manya masu dengi da filatilet 20,000 ko ƙasa da haka. Ƙara musu filatilet don rigakafi bai rage zubar jini ba idan aka gwada da waɗanda aka kula da su kawai, sai ma illolin ƙarin da suka fi yawa. Babban haɗarin dengi ruwan jini ne da ke tsiyayewa daga jijiyoyi, kuma wannan IPF ba ya auna shi.

A tuna kuma filatilet kaya ne mai wuyar ajiya. Ba a sa su a firji. Ana riƙe su ne a ma'aunin zafi 20 zuwa 24, ana jijjiga su dare da rana, kuma kwana biyar suke yi a yawancin wurare. A inda wuta ke ɗaukewa, kowace leda da aka yi tsiminta, mai tsananin buƙata za ta je wa.

Masu karɓar maganin kansa da waɗanda aka yi wa dashen ɓargo fa?

Hikimar dai ita ce ta dengi. Bayan an ɗura maganin, ɓargo kan kwanta, filatilet su faɗi, kuma ƙa'idar asibitoci da yawa ita ce a ƙara wa majinyaci in ya sauko ƙasa da 10,000 ko da bai zubar da jini ba. IPF kan tashi kwana ɗaya zuwa uku kafin jimillar ta motsa, kamar yadda hadari ke riga ruwa. Wasu likitoci na amfani da wannan su jinkirta ƙarin ga wanda ke kan iyaka kuma babu zazzaɓi. Ba ko'ina aka mayar da shi doka ba.

Maleriya na saukar da filatilet?

Ƙwarai, kuma a ƙasashenmu tana sahun gaba cikin dalilan da za a ga mai zazzaɓi da ƙarancinsu. Ana cinye su ne a jini da saifa, don haka kason sababbi kan hau. Sai dai ba kasafai take kai ga zubar jini ba, kuma in an sha magani ya kashe ƙwayar cutar, lambar kan dawo cikin mako guda ko biyu. Mai zazzaɓi da ƙarancin filatilet, gwajin maleriya ne farko, ba IPF ba. In an warke lambar ta ƙi dawowa, a nan ne sauran bincike ke da wuri.

Ina da juna biyu, an ce nawa sun ragu. In damu?

Mafi yawan irin wannan raguwa a wajen masu ciki ba cuta ba ce. Takan zo a watannin ƙarshe, ba kasafai take sauka ƙasa da 70,000 ba, ba ta cutar da uwa ko ɗa, kuma tana gyaruwa bayan haihuwa. Abin da ake tsoro shi ne raguwar da ta zo tare da hawan jini, kumburi, ciwon kai, ko ciwo a saman ciki ta dama, domin alamun lalurar da ke kai ga jijjiga ne, kuma a cikinta ana cinye filatilet da sauri. Bincike ya nuna IPF kan hau a wannan hali, amma ba da shi ake yanke hukunci ba. Awon hawan jini, gwajin fitsari da na hanta su ne a gaba. Ki riƙe zuwa awo, kuma ki tabbatar masu karɓar haihuwa sun san lambar kafin ranar.

Na ji an ce yana da alaƙa da ciwon zuciya da asfirin.

Akwai, amma har yanzu a fagen bincike take. Asfirin na kashe wani sinadari a cikin filatilet kisan da ba ya dawowa, don haka ƙwaya ɗaya a rana ta isa ga yawancin mutane. Amma wanda ɓargonsa ke zubo sababbi da yawa, kafin gobe jininsa ya cika da waɗanda maganin bai taɓa ba, ga su kuma da zafin nama. An ga masu IPF mai yawa ba sa karɓar asfirin da kulofidogirel, wani maganin hana jini gudaji, yadda ya kamata. Duk da haka babu wanda ya kamata ya ƙara ko ya rage maganin zuciyarsa saboda wannan lamba.

Me ke iya sa sakamakon ya yi ƙarya?

Na farko kwalbar kanta. Ana ɗibar jinin ne a kwalba mai murfi shunayya, mai sinadarin EDTA da ke hana shi daskarewa. A jinin wasu mutane ƙalilan wannan sinadari na sa filatilet su dunƙule, na'ura ta kasa ƙirga su, ta ce 30,000 alhali mutum garau yake. Dunƙulen kan rikita IPF ma. Duba gilashi a madubin likita na tona asirin nan take, sai a sake ɗiba a kwalba mai murfi shuɗi. Haka in an sha wuya wajen samun jijiya jinin ya fara gudaji a sirinji.

Na biyu daɗewa. Jinin da ya kwana, musamman a firji, IPF ɗinsa kan canza, don haka a auna shi da wuri.

Na uku ƙarin filatilet. Wanda aka ƙara wa jiya, baƙin sun tsarma nasa, kason sababbi zai faɗi ba don ɓargo ya gaza ba.

Na huɗu shi ya fi ban takaici. Akwai iyalan da gadonsu ne a haife su da filatilet 'yan kaɗan amma ƙatti, kamar masu lalurar Bernard-Soulier da masu tangarɗar ƙwayar gado ta MYH9. Na'ura na ganin girma da ƙyalli sai ta ce sababbi ne, IPF ya yi tashin gwauron zabo, har ya wuce na masu ITP. An sha ba irin waɗannan maganin lafar da garkuwa shekara da shekaru, wasu har a cire musu saifa, a banza. IPF da ya kai 40 ko 50 ga mutumin da tun yarinta lambarsa ke ƙasa, ko wani a gidansu ke da irin haka, ya kamata ya sa likita ya tambayi tarihin dangi. Bernard-Soulier sai an gado ta daga uwa da uba, don haka a inda ake auren zumunci tambayar ta ƙara nauyi.

Sai na yi azumi kafin a ɗiba?

A'a. Ka dai faɗi magungunan da kake sha, har da na gargajiya, da ko an ƙara maka jini kwanan nan.

Asibitinmu ba su da na'urar. An cuce ni ke nan?

Ba a cuce ka ba. Ƙananan na'urorin ƙirga jini da suka fi yawa a ɗakunan gwaji ba sa fitar da IPF, sai manya masu leza, kuma ko inda suke akwai rini na musamman da sai an saya. Likitocin jini sun yi shekaru suna raba waɗannan cututtuka babu shi. Ɗigon jini a shimfiɗa a gilashi, a rina, ƙwararre ya duba, zai ga ko filatilet sun dunƙule, ko manya ne, ko akwai fasassun jajayen ƙwayoyi irin na TTP, ko baƙin ƙwayoyin kansa, ko ƙwayar maleriya. Har ƙiyasin adadi zai yi, domin kowace guda da ya gani a fili ɗaya na babban gilashin madubin tana wakiltar kimanin 15,000 zuwa 20,000. Da za a ce in zaɓi ɗaya tsakanin IPF da gilashin da gwani ya duba, gilashin zan ɗauka ba tare da dogon tunani ba.

Akwai kuma MPV, matsakaicin girman filatilet, wanda kusan kowace na'ura ke bugawa. Yana ɗan nuna abin da IPF ke nunawa, tunda sababbi sun fi girma. Aibinsa shi ne lokacin da aka fi buƙatarsa, wato in lambar ta yi ƙasa sosai, na'urori da yawa sai su bar gurbinsa fayau.

Wane hali ne ba a jiran sakamakon kowane gwaji?

Haɓon da ya ƙi tsayawa, jini daga dasashi ba tare da an taɓa ba, ƙurajen jini a cikin baki, baƙin bayan gida kamar kwalta, aman jini, fitsari ja, jinin al'ada da ya wuce misali, ko matsanancin ciwon kai da rikicewar hankali ga wanda aka san filatilet ɗinsa na ƙasa. Wannan a nufi asibiti ko da tsakar dare ne. Kafin nan kada a sha asfirin, ibuprofen ko diclofenac, har da garin maganin ciwon jiki na 'yan tebur da ba a san abin da ke ciki ba, domin suna kashe kaifin 'yan filatilet ɗin da suka rage. Farasitamol ake ba mai zazzaɓi. Kada kuma a yi ƙaho ko tsaga.

Duk zubar jinin da ya ƙi tsayawa daga filatilet yake?

A'a. Manomin da kububuwa ta sara a Kaltungo ko wani wuri a kwarin Binuwai zai iya zubar da jini ta dasashi da tsofaffin miki alhali ba filatilet ne tushen matsalar ba. Dafin ne ke cinye sinadaran daskarar da jini. Gwajinsa ba ya buƙatar leza ko wutar lantarki: a zuba ɗan jini a busasshiyar kwalbar gilashi mai tsabta, a ajiye minti 20 ba a taɓa ba, sannan a karkata ta. In jinin ya kwarara kamar ruwa, dafin ya shiga jiki, allurar kashe dafi za a yi masa, a sake gwajin bayan awa shida.